Ɗan Wasa Ya Zama Lauya: Masoyan Ace Attorney da Rigimarsu da Masu Ƙirƙirarsa



 Ina gode wa waɗanda suka shirya taron, da suka yarda a ware yammaci guda don magana a kan wasan bidiyo, abin da yaranmu ke kira gem. Na san akwai dattijon da ya ga takardar gayyata ya ce a ransa, yanzu har gem ya isa a yi masa lacca? Baba, a ba ni aron kunne, in na gama sai a yanke hukunci.

Maganata a kan jerin wasanni ne na binciken kisan kai da shari'a, wanda kamfanin Capcom na birnin Osaka a Japan ya fara fitarwa a 2001. Marubucinsa Shu Takumi, ya yi aikin farko da ayarin mutum bakwai kacal. A Japan sunan wasan Gyakuten Saiban, wato shari'ar da reshe ke juyewa da mujiya. Da aka fassara shi zuwa Turanci a 2005 aka sa masa Ace Attorney, kuma zuwa yau an sayar da fiye da kwafi miliyan 10. Amma ba wasan kaɗai ya kawo ni ba. Masoyansa nake so mu duba: me ke faranta musu, me ke harzuƙa su, kuma me ya sa suke magana da kamfanin kamar masu gado a cikin labarin.

Na farko, sai mun ga abin da wasan ke sa mutum ya yi da hannunsa.

Kai ne lauyan wanda ake tuhuma, wani sabon shiga mai suna Phoenix Wright. Ka je inda aka yi kisa ka tattara hujjoji, ka yi wa mutane tambayoyi, sannan ka shiga kotun da doka ta ce ba a wuce kwana uku ba a yanke hukunci ba. Shaida zai tsaya ya ba da bayani jimla bayan jimla. Abu biyu ke hannunka. Ko ka matsa masa ya ƙara bayani, ko ka ɗauko hujja daga jakarka ka nuna cewa wannan jimlar ta ci karo da ita. In ka yi kuskure alƙali ya ci ka tara, in kuskuren ya taru a ɗaure mutuminka.

Ku gafarce ni zan tona asirin shari'ar farko, ita ce mafi sauƙi, kuma babu wata hanyar nuna muku abin. An kashe wata mata a ɗakinta, an kama saurayinta. Shaidan mai talla ne gida-gida, ya ce ya ga gawar da ƙarfe ɗaya na rana. Ka duba rahoton binciken gawa, ka ga bayan ƙarfe huɗu ta mutu. Ka jefa masa takardar. Ya ce ai a talabijin ya ji an faɗi lokaci. Ka ɗauko wata takardar da ke nuna an ɗauke wuta a ginin tun tsakar rana. Gumi ya fara keto masa. Ya ce to agogon tebur ne. Wane agogo? Abin da aka buga wa matar wani ɗan mutum-mutumi ne, wanda mai leƙe daga bakin ƙofa ba zai taɓa sanin agogo ba ne mai faɗin lokaci da murya. Wanda ya ɗaga shi ya yi duka kaɗai ya ji ya yi magana. Saura tambaya ɗaya, me ya sa agogon ya ce ƙarfe ɗaya? Amsar na cikin fasfon marigayiyar. Jiya-jiya ta dawo daga Paris, ta tafi da agogon, ba ta gyara shi ba. Paris na gaban garinsu da awa tara. Huɗu na yamma a tara da tara, ɗaya na dare.

Kun ji yadda wasunku suka yi ajiyar zuciya yanzu? To ni ne na faɗa muku. Ku ƙiyasta in ku da kanku kuka zaro fasfon nan daga cikin jaka, bayan minti goma kuna juya shi. A na'urar Nintendo DS har an ba mutum damar ya danna maɓalli ya daka tsawa a makirfo da bakinsa, ya ce bai yarda ba. Mai karanta littafin bincike yana bin jami'in a baya ne, ya ga wayonsa ya yaba. Mai buga wannan wasa shi ya yi gumin. Duk abin da zan faɗa gaba daga nan ya tsiro.

Na biyu, wanda ka koya wa farautar tufka da warwara, a kanka zai fara.

Awa ashirin, talatin, wasan na horar da mutum kada ya bar jimla ta wuce bai auna ta ba. Ranar da marubucin kansa ya yi tuntuɓe, wa kuke zaton zai fara gani? Masoyan Ace Attorney sun shahara da tsefe kowace shari'a. Suna jera su daga mafi kyau zuwa mafi muni, kuma shekara da shekaru shari'ar gidan wasan dabbobi da 'yan tsalle-tsalle ta wasa na biyu, wanda ya fito a 2002, tana cikin waɗanda masu bugawa da Turanci suka fi kushewa. Suna cewa yadda aka yi kisan ya dogara da dacen da hankali ke wuyar ɗauka.

Wannan ƙorafi yana da tsohon asali. Tun 1928 marubucin Amurka S. S. Van Dine ya jera ƙa'idoji ashirin na labarin bincike, a 1929 kuma Ronald Knox na Ingila ya jera goma. Ruhinsu ɗaya ne, kada marubuci ya ɓoye wa mai karatu abin da jami'in bincike ya gani. Mu ma mun san wannan a wasa ƙwaƙwalwa. In ka ba yara labarin mai kura da akuya da dawa a bakin kogi, ba ka da ikon ka ce daga baya ai akwai gada. Knox ya haramta shigo da aljanu da fatalwa cikin warware kisa, Takumi kuwa ya shigo da su gaba-gaɗi: mataimakiyar Phoenix, Maya Fey, 'yar gidan masu kiran ruhin matattu ce. Abin lura shi ne galibin masoya ba su ƙi wannan ba. Dalili kuwa, an shimfiɗa dokokin abin tun da wuri, an kuma tsaya a kansu, har shari'ar ƙarshe ta wasa na uku, na 2004, wadda aka gina kacokan a kan kiran ruhi, ta zama cikin waɗanda aka fi ƙauna. Mutane za su yafe maka fatalwa. Abin da ba sa yafewa shi ne ka sauya doka ana tsakiyar wasa.

Akwai ƙorafi na biyu, shi kuma a gidana na gan shi. Ɗiyar ƙanwata, 'yar aji biyar a sakandare, ta zo hutu tana buga wasan a waya. Wani dare bayan isha'i na ji tana magana ita kaɗai a tsakar gida, murya na rawa. Na fito na ce lafiya? Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kawu, wallahi na san wanda ya yi kisan, na san yadda ya yi, ga hujjar a hannuna, amma alƙalin nan ya ƙi karɓa." Na duba, gaskiyarta ce. Ta riga labarin da taki biyu. Wasan yana son ta fara nuna wata ƙaramar hujja tukuna, sannan babbar. Na ce in faɗa miki wadda yake so? Ta fizge wayar ta ce, "A'a Kawu, kar ka faɗa." Ta kai kusan sha biyun dare a kan tabarmar nan. Wannan kukan, na wanda ya fi wasan sauri aka ci shi tara, babu inda masoyan wasan ke taruwa da ba za ka ji shi ba, kuma a ganina kuka ne na gaskiya. Laifin tsarin ne, domin ƙofa ɗaya tak aka bari a kowane mataki. Amma ku lura, fushin bai sa ta ajiye ba, bai kuma sa ta karɓi satar amsa ba.

Na uku gajere ne, kuma agogon nan ne ya jawo shi. A wasan asali labarin a Japan yake, matar kuma daga New York ta dawo. Masu fassara suka mayar da garin Los Angeles, tafiyar ta koma Paris, taliyar ramen da Maya ke so ta koma boga. Sunan jarumin ma, Naruhodo, wanda ke nufin "ashe haka ne", ya koma Wright, mai amon kalmar Turanci ta "daidai". A wasa na farko abin ya tafi lafiya. Daga na biyu sai ga ƙauyen masu kiran ruhi da gine-ginen Japan, can gaba ga wuraren ibada a kan duwatsu masu ƙanƙara, duk wai a kusa da Los Angeles. Masoya suka raɗa wa wannan ƙasa suna Japanifornia. Wasu na ganin an raina musu hankali, an ɗauka ba za su iya son labarin da ke Japan ba. Wasu kuma sun rungumi abin har ya zama nasu. Janet Hsu, wadda ta jagoranci fassarar daga wasa na biyu, ta bayyana cewa ita tana ɗaukar wurin a matsayin wata Amurka ta daban, inda ba a kafa dokokin ƙuntata wa baƙi 'yan Japan ba, al'adarsu ta yi yaɗo. Duk mai aikin fassara a ɗakin nan ya san darasin: shawarar da ka yanke a shafi na ɗaya za ta bi ka har shafi na dubu.

Na huɗu, kuma nan zan daɗe: wa ya mallaki jarumin labari?

Tun da wuri ra'ayin masoya ya fara juya alƙalamin Takumi. Mai gabatar da ƙara a wasa na farko, Miles Edgeworth, abokin Phoenix ne na yarinta da ya zama abokin hamayya, kuma ya samu farin jinin da ba a zata ba. Takumi ya ga bai dace gwanin da ake ƙauna haka ya riƙa shan kaye shari'a bayan shari'a ba, sai ya ƙirƙiro wata mai gabatar da ƙara, Franziska von Karma, ta maye gurbinsa a yawancin wasa na biyu. Wannan sauraro ne mai amfani, labarin ya ƙaru da shi.

Sai 2007. Takumi na ganin labarin Phoenix ya kammala a wasa na uku, yana son sabon jarumi. Aka buƙace shi ya sa Phoenix duk da haka, ya kuma shigo da tsarin 'yan ƙasa masu zama tare da alƙali, wanda Japan ke shirin farawa, ta kuma fara a Mayun 2009. Wasan da ya fito shi ne Apollo Justice, mai ɗauke da sunan sabon jarumin. Mutum ya kunna da murna, sai ya tarar shekara bakwai sun wuce a labarin, an ƙwace wa Phoenix lasisin lauya saboda ya gabatar da hujjar jabu da aka ɗana masa, yana zaune a wani gidan abinci da hular sanyi da gemun da bai aske ba, yana kaɗa piyanon da bai iya ba, yana buga karta. Ba Maya, ba Edgeworth.

Jama'a, ku sa kanku a matsayin wanda ya yi wasa uku yana sanye da rigar mutumin nan. Shi ya tsamo abokinsa daga bakin igiya, shi ya yi kukan mutuwar uwar ɗakinsa Mia Fey. Yanzu an ce masa duk wannan ya ƙare a teburin karta. Da yawa sun ji kamar su aka tuɓe wa rigar. Masoya suka rabu biyu, har gobe ba su haɗu ba. Ɓangare ɗaya na cewa an ci amanar jarumi. Ɗayan na cewa wannan ne abu mafi ƙarfin hali da jerin ya taɓa yi, domin ya nuna kotun da ke iya taune mai gaskiya. Kada mu manta a Japan fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙararrakin laifi da suka kai gaban alƙali suna ƙarewa da samun mutum da laifi, shi ya sa da yawa ke kallon wasan a matsayin madubin ƙasar.

Kamfanin ya ji kukan ɓangaren farko. A 2013 aka fitar da Dual Destinies, ba da alƙalamin Takumi ba, a ƙarƙashin Takeshi Yamazaki. Phoenix ya dawo da shuɗiyar kwat ɗinsa da lasisinsa. An yi murna. Ba a jima ba sabon kuka ya tashi: ina tsarin masu zama da alƙali da aka sha wahalar kafawa? An share shi kamar ba a yi ba. Ina Apollo da aka ce shi ne magaji? Yana raba fili da mutum biyu.

An taɓa yin irin wannan. A 1893 Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes, ya jefa shi a magangarar ruwa ta Reichenbach a Suwizalan. Masu karatu suka yi masa caa, har a 1903 ya tashe shi, ya ce ashe bai mutu ba. To wa ke da gaskiya, marubuci ko masoya? Ga nawa ra'ayin, kuma na san wasu ɗaliban nan ba za su so shi ba. Masoyi shaida ne nagari. In ya ce wuri kaza ya yi masa ciwo, a yarda, domin shi ya ji. Amma in aka ɗora shi a kujerar alƙali, hukuncinsa kusan kullum ɗaya ne, a dawo mini da abin da na saba. Faɗuwar Phoenix ta yi zafi, ni ma ta yi mini. Sai dai rauni ne da labarin ya ci a bi shi har ya warke a gaban idonmu, a nuna mana yadda mutum ke tashi. Da aka lulluɓe shi da sabuwar kwat, an faranta rai na shekara guda, an kuma bar rami a tsakiyar jerin wanda masoyan da kansu ke nunawa da yatsa har yau.

Na biyar, inda masoya suka daina roƙo suka naɗe hannun riga.

Edgeworth ya samu nasa wasan a 2009, na biyunsa ya fito a Japan a 2011. Capcom ba ta fassara na biyun ba, wani jami'inta a Amurka ya nuna cewa kuɗin aikin zai fi cinikin da ake hange. Aka yi ta koke, shiru. Sai wasu masoya suka haɗu ta intanet suka ɗauki aikin kyauta. Ku san wannan ba fassarar wasiƙa ba ce. Sai an fasa manhajar an zaro rubutun, an fassara dubban jimloli, an sake zana hotunan hujjojin da ke ɗauke da rubutun Japananci, an ɗauki sababbin muryoyi, an kuma ƙirƙiro wa kowane mutum sunan Turanci mai wasa da kalma irin na gidan. A 2014 suka fitar da dukan shari'o'i biyar. Shekara goma cur ta wannan hanya duniyar waje ta san wasan, har da yawa suka riƙa sa shi a sahun mafi kyau a jerin gaba ɗaya.

A Satumban 2024 kamfanin ya fitar da fassararsa. Murna ta cika gari, amma da aka ga sunaye sai aka yi turus. Wani matashin mai gabatar da ƙara, mai ganin kansa gwani alhali shirme ya fi yawa, masoya sun san shi da Sebastian Debeste, sai ga shi Eustace Winner. Lauya Raymond Shields ya koma Eddie Fender. Alƙaliya Justine Courtney ta koma Verity Gavèlle. Wanda ya yi shekara goma yana kiran yaro da suna, yau ka ce masa ba sunansa ke nan ba? Ba wanda ya yi laifi a nan. Kamfani ba zai kwashi aikin da ba nasa ba, masoya kuma ba za su goge abin da ya zauna musu a baki ba. Yanzu mutanen nan suna da suna biyu-biyu, na yanka da na gida, kuma daga wanda mutum ya kira za ka gane yaushe ya shigo. Ni dai ina jinjina wa waɗancan masu aikin sa kai. Su suka riƙe wutar wasan shekara goma ba ta mutu ba, ba kuma wanda ya biya su sisi.

Wani suna kuma da aka sauya ya samu akasin haka. Takumi ya dawo da The Great Ace Attorney a 2015 da 2017, labarin kakan-kakan Phoenix, ɗalibi ɗan Japan da ya je Landan a ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria, yana shan wulaƙancin launin fata a kotun Ingila. A ciki akwai Sherlock Holmes, wanda ke zuba hasashe cikin isa ya kauce hanya, ɗan wasa ya gyara masa. Kashi na farko ya sha suka a Japan saboda ya ƙare da tambayoyi rataye, sai da na biyu ya zo aka sauko. Da aka kawo su Turanci a 2021, jami'in ya koma Herlock Sholmes, abin da aka danganta da gudun rigimar haƙƙin mallaka. An yi dariya da farko. Sai masu karatu suka tuna cewa marubucin Faransa Maurice Leblanc ya yi wannan dabara tun farkon ƙarni na ashirin, bayan Conan Doyle ya ƙi yarda a sa jami'insa cikin labaran Arsène Lupin. Kafin a ankara sunan ya zauna daram, domin ya dace da mutumin da komai nasa a juye yake.

Wasa na shida a babban jerin, Spirit of Justice, ya fito a 2016. Masoya suka shiga jiran na bakwai shekara bayan shekara, kuma ba su zauna hannu rabbana ba. Sun gina manhajojin da kowa zai iya rubuta tasa shari'ar da su, ya zuba shaidu da hujjoji, ya ba wasu su warware. Ɗiyar ƙanwata da na ba ku labari ta rubuta tata a littafin makaranta, kisa a gidan biki, shaidu huɗu. Ta ba ni na karanta, na gano mai laifin a shafi na uku. Da na faɗa mata, ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Kawu, nuna mini jimlar da ta tona shi." Na nuna mata, ta ɗauki biro ta soke ta.

Mai girma shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi.   Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya ga inda maganata ta ci karo da juna, ya tashi ya nuna mini, ina saurare.